Kafin Farfela Ta Juya

Idan gwani ya buɗe kwalin ƙaramin helikwafta, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, ba da haɗawa yake farawa ba. Da kwancewa yake farawa. Kamfani yakan turo wasu sassan a ɗaure, musamman kan farfela da giyar jela, har sabon shiga ya ɗauka an rage masa aiki. Shi kuwa wanda ya san kan abin sai ya ɗauko alanki ya warware su noti bayan noti, ya goge maiƙon da aka shafa musu don kada su yi tsatsa a hanya, ya leƙa kowane boris, sannan ya mayar da komai mazauninsa da hannunsa. Ba raina aikin masana'anta ya yi ba. Littafin umarnin ma yakan ja kunne a sake duba abin da ya zo a ɗaure. Shi dai ya san notin da bai ɗaure da kansa ba, ba zai iya rantsuwa a kansa ba, kuma a wannan harka noti ɗaya ya isa ya mayar da aikin wata guda tarkace.

Kada mai karatu ya kawo a ransa ɗan jirgin robar nan mai fitilu da ake saya wa yara, wanda ke bugun silin ya faɗo kan katifa ba abin da ya same shi. Wanda ake magana a kai daban yake. A ɗauki ajin da masu abin ke kira 700, wato wanda kowane fiffiken farfelarsa ya kai tsawon milimita 700 ko kusa da haka. Idan fikafikan biyu suka miƙe, faɗin da'irarsu ya ɗara mita ɗaya da rabi. Jirgin da batirinsa yakan kai kilo biyar. Farfelar tana zagaye wajen 2,000 a minti ɗaya, kuma in aka buga lissafi za a ga bakin fiffiken yana keta iska da gudun da ya kusa kilomita 600 a awa. A 2013, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, wani matashi ɗan shekara 19 da ya ƙware a tuƙin irin wannan jirgi ya rasa ransa da nasa ya sare shi a ka. Shi ya sa masu abin ba sa son a ce da kayan wasa suke hulɗa, kuma gaskiyarsu ce.

Manyan kamfanonin da ke ƙera su sanannu ne a wajen masu sha'awar: Align na Taiwan mai T-Rex, Mikado na Jamus mai Logo, SAB na Italiya mai Goblin. Abin da suke turowa a kwali ba ya kama da jirgi ko kaɗan. Ledoji ne masu lamba, kowace da shafinta a littafi. Allunan zaren kabon baƙi wuluk, marasa nauyi amma masu taurin tsiya. Sassan alminiyam da inji ya gurza sumul, giyoyin roba, doguwar sandar jela, da notuna ɗaruruwa, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Sau da yawa inji da batir da rimot ba sa ciki; mutum shi zai zaɓo su. Gwani ba ya yaga leda ta biyu sai ya gama da ta farko, domin noti mai milimita takwas da mai milimita goma kamanninsu ɗaya ga idon da ke sauri, amma in aka sa dogo a gurbin gajere zai leƙa ya gogi giya, in kuma aka sa gajere a gurbin dogo zai kama da zare biyu kawai ya zauna yana jiran rana.

Babban abokin gabar mai haɗa helikwafta ba iska ba ce, ba kuma nauyi ba. Karkarwa ce. Kusan komai a jikin jirgin juyawa yake yi: inji na nasa gudun, babbar giya na nata, farfelar sama da ta jela kowace na nata, kuma kowannensu yana aika 'yar jijjiga cikin gangar jikin. Jijjigar nan ita ke bin noti sannu a hankali tana warware shi ba tare da kowa ya sani ba. Maganinta wani ruwa ne mai kauri a 'yar kwalba, wanda aka fi sani da sunan kamfanin Loctite. Wani malamin kimiyyar sinadarai a Amurka, Vernon Krieble, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1950. Halinsa da ban mamaki: muddin yana shan iska ba ya bushewa, sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta kaiwa sannan ya daskare. Shuɗi ake sa wa mafi yawan notuna, don alanki na iya kwance shi. Ja kuwa sai an gasa wurin kafin ya saki.

Kowa na iya sayen kwalbar. Gwanintar tana wajen sanin yawan da za a sa da kuma inda ba a sawa. Ƙwararre ba ya matsa ruwan kai tsaye a kan noti. Yakan ɗiga shi a kan takarda, ya dangwala da tsinken sakace, ya shafa a zare biyu ko uku na baki. In ya yi yawa, lokacin ɗauri zai tsiyaye ya shiga boris ɗin da ke kusa ya ƙame shi, kuma ba za a gane ba sai gobe. In aka sa shi a notin da ke shiga roba, zai ci robar ta tsage. In aka bar maiƙo a jikin zaren, ba zai kama ba sam, mutum ya zauna da kwanciyar hankalin banza. Sannan yana son yini da kwana kafin ya gama kamawa, don haka wanda ya ɗaure da safe ya tashi jirgi da yamma ya yi wa kansa.

Gangar jiki ma ba a ɗaure ta farat ɗaya. Ana sa notunan sako-sako, a ɗora allunan biyu a kan gilashi ko wani abu mai shafe sosai, a zura babbar sandar farfela ta cikin boris-boris ɗinta. Idan komai ya yi daidai, sandar za ta zame ƙasa da nauyinta ba tare da an tura ta ba. Sai a lokacin ake bin notunan ana matsewa kaɗan-kaɗan, wannan ɓangare sannan wancan, ana yi ana sake gwada sandar. In ta fara cijewa, a sassauta a sake.

Akwai wani ɗan abu a cikin kan farfela wanda, a ganina, shi ne ke raba gwani da mai bin hoto. Lokacin da farfela ke gudu, kowane fiffike yana neman ya fizge ya tafi abinsa. Nauyinsa wajen giram 200 ne, amma a wannan juyi ƙarfin da yake jan mariƙinsa da shi yakan haura nauyin kilo 300. Duk da wannan ja, dole mariƙin ya riƙa murɗawa a saukake, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don a nan tuƙin yake. Abin da ke ɗaukar wannan kaya wani boris ne mai hawa uku: zobe, sai kejin 'yan ƙwallayen ƙarfe, sai wani zoben. Zobban biyu in ka ajiye su a tafin hannu ba za ka bambance su ba. Amma ramin ɗaya ya fi na ɗayan faɗi da abin da ido ba ya gani, kuma mai faɗin shi ne ke shiga ta ciki, wajen babbar sanda, matsattsen ya zauna ta waje. Yadda ake ganewa shi ne a zura kowanne a jikin sandar da ke ratsa kan farfelar a ɗan girgiza shi: wanda ya yi wasa shi ne na ciki. Sai a cika kejin da giris a rufe. In aka juya su, a kan tebur babu abin da zai nuna. Mariƙin zai murɗa lafiya lau a hannu. Sai jirgi ya tashi, kaya ya hau kan boris ɗin, sannan zai fara cijewa, jirgin ya riƙa yin abin da ba a sa shi ba, mai shi ya yi ta zargin rimot.

Kafin a fahimci dalilin wannan tsantseni, sai an san yadda helikwafta ke tuƙuwa. Ba ƙara gudun farfela ake yi don ya hau ba. Gudun yana nan yadda yake. Wata na'ura ce ke riƙe shi kada ya sauya. Abin da ake sauyawa shi ne kwanar da fiffike ke saran iska da ita. In aka ƙara wa fikafikan biyu kwana lokaci ɗaya, jirgi ya hau. In aka rage, ya sauko. In aka juya kwanar ta koma ƙasa da sifiri, farfela ta tura iska sama, kuma da wannan ne ƙwararru ke tashin jirginsu a kife, ƙafafu na kallon sama. Don ya tafi gaba ko gefe kuwa, sai kwanar kowane fiffike ta ƙaru a wani ɓangare na zagayen ta ragu a ɗaya ɓangaren, a kowane zagaye, fiye da sau talatin a daƙiƙa.

To ta yaya umarni zai tashi daga jikin jirgi da ke tsaye ya isa ga farfelar da ke gudu? Ta wani faifai mai hawa biyu da ke sanye a jikin babbar sanda. Hawan ƙasa ba ya juyawa, na sama yana juyawa tare da farfela, boris ne a tsakaninsu. 'Yan injuna uku da ake kira sarbo, kowanne bai fi kwalin ashana girma ba sosai, suna riƙe da hawan ƙasa a wurare uku, digiri 120 tsakanin kowanne da ɗan'uwansa. In suka ɗaga tare, faifan ya hau. In ɗaya ya ɗaga biyu suka sauke, ya karkata. Wani abin da ke rikita ɗan koyo shi ne farfela ba ta amsa umarni a inda aka ba ta shi, sai bayan ta yi kwatan zagaye. Saboda haka in ana son jirgi ya sunkuya gaba, a lokacin da fiffike yake gefe ake sauya masa kwana. An riga an gina wannan a cikin ƙirar kan farfelar, amma wanda bai sani ba zai duba ya ce an yi kuskure, ya shiga gyaran abin da ba shi da laifi.

Ƙananan jirage ba bayan manya suka biyo kawai ba. Arthur Young, Ba'amurken da ya ƙera wa kamfanin Bell helikwaftansa na farko, ya shafe fiye da shekara goma yana gwaji da 'yan ƙanana masu injin lantarki a jihar Pennsylvania, suna faɗuwa yana sakewa, har ya gano sandar daidaito mai nauyi a kowane baki da ke hana jirgi kifewa. Daga wannan aikin aka samu Bell 47, wanda a 1946 ya zama helikwafta na farko da aka ba lasisin aikin farar hula. Amma tuƙa ƙarami da rediyo ya ci gaba da gagarar mutane. A 1968 an shirya gasa a garin Harsewinkel na Jamus, kuma wanda ya zo na ɗaya, injiniya Dieter Schlüter, daƙiƙu kaɗan jirginsa ya yi a sama. Shekara biyu bayan haka, a 1970, ya tashi wani da ya ƙera da siffar Bell Huey Cobra na kusan rabin awa, sannan aka fara sayar da shi a kwali don kowa ya haɗa nasa. Na farkon nan ba su da wata na'urar lantarki da ke taimakon matuƙi. Babban yatsansa kawai ke riƙe jela. Daga baya aka haɗa dabarar Young da ta Stanley Hiller, mai 'yan filafilai a bakin sanda, kuma wannan sandar ta zauna a kan ƙananan helikwaftoci shekaru da dama, har zuwa ƙarshen shekarun 2000 da wani ɗan akwatin lantarki mai jin motsi ta fuska uku, irin VBar na Mikado, ya karɓe aikinta.

Wasu na cewa akwatin nan ya kashe gwaninta. Ban yarda ba. Ya rage yawan ƙarafa, wannan gaskiya ne, amma shi akwatin ba ya gyara aikin ganganci, ɓoye shi yake yi zuwa wani lokaci. In faifai ya karkace tun a tebur, zai yi ta fama yana cikewa, sarbo su yi zafi, jirgin ya tashi amma kullum da 'yar gardama a jikinsa. Kuma da yake aikinsa jin motsi ne, karkarwa ta fi damunsa fiye da yadda ta taɓa damun sandar ƙarfe.

Don haka saitin kan farfela shi ne inda gwani ke zama ya manta da agogo. Da farko ya kunna rimot ya kawo kowane sarbo tsakiyarsa, sannan ya gwada hannun sarbon a kan haƙoransa, ya cire ya juya ya sake, har ya sami inda ya tsaya a miƙe sak. Sai sandunan da ke haɗa sarbo da faifai. Kowace siririyar ƙarfe ce mai zare a baki biyu, da 'yar roba mai rami da ke ɗanawa a kan ƙwallon ƙarfe. Littafi zai faɗi tsawonta har da rabin milimita, kuma da ma'aunin kauri ake aunawa, ba da ido ba. Robar tana da gaba da baya. Ta fuska ɗaya kawai take shiga daidai, in aka tilasta ta ta ɗayar za ta buɗe, wata rana ta fita a sama. Bayan an ɗana ta, ana so ta motsa ba cijewa, ba kuma lako-lako. Sai a ɗora wani ma'auni mai ƙafa uku a kan babbar sanda a tabbatar faifan ya kwanta daidai, a tsakiya, a can sama, da can ƙasa. Daga nan a maƙala ma'aunin kwana a jikin fiffike. Idan sandar rimot tana tsakiya, dole ya nuna sifiri, a fiffiken farko da na biyu. In aka tura ta ƙarshe sama ya nuna wajen digiri 12, ƙarshe ƙasa ma 12 ta ɗaya fuskar. Juyi ɗaya na 'yar robar nan yana iya sauya kwanar da abin da ya kusa digiri guda, kuma bambancin digiri guda tsakanin fikafikan biyu ya isa ya sa jirgi rawa.

Tsakanin ƙaramar giyar inji da babbar giya akwai wata tsohuwar dabara da nake jin daɗinta saboda arharta. Injin yana zagaye wajen 20,000 a minti, giyoyin su sauke shi kusan kashi goma zuwa ɗaya. In haƙoransu suka matse, za su yi zafi su cinye wuta. In suka yi nisa, ranar da aka ba jirgi kaya za su zame, robar ta gurje. Sai a yanko siririyar takarda a cusa tsakaninsu, a danna inji, a ɗaure, a murza takardar ta fito. Kaurinta shi ne tazarar. Amma babbar giya ba ta cika zama da'ira cikakkiya ba, don haka mai hankali yakan zagaya da ita gaba ɗaya ya nemo inda ta fi matsewa, a nan yake yin saitin. A cikin cibiyarta kuma akwai boris mai kamawa ta fuska ɗaya kawai, wanda ke barin farfela ta ci gaba da juyawa ko inji ya mutu. Da shi ne matuƙi ke sauko da jirgi lafiya ba wuta, iskar da ke tasowa daga ƙasa tana juya masa farfela.

Jela kuwa ita ke hana jirgin juyawa a kan kansa. Inji na murɗa farfela ta dama, gangar jiki na neman murɗawa ta hagu, 'yar farfelar baya ita ke tokarewa, tsarin da Igor Sikorsky ya tabbatar da jirginsa VS-300 wanda ya fara tashi a 1939. Tana gudu ninki huɗu zuwa biyar na babbar. Wasu jiragen da sanda ake kai mata ƙarfi, wasu da bel mai haƙora da ke bi ta cikin bututun jela. A wasu ƙirar bel ɗin yana yin kwatan murɗa a hanya, kuma in aka murɗa shi ta inda ba nan ba, farfelar baya za ta juya a baibai. Gwani yakan haska tocila cikin bututun ya gani da idonsa.

Wayoyi ba su da daɗin magana amma suna kashe jirage da yawa. Bakin allon kabon yana da kaifi, kuma kabon yana ɗaukar wuta, don haka ana goge bakin da sanfefa a duk inda waya za ta ratsa. Kabon yana kuma tare saƙon rediyo, shi ya sa ake fito da eriya biyu waje, kowace na kallon fuska daban. Batir ɗin irin na litiyam ne, ɗaki 12 a jere, volt 50 da ɗoriya in ya cika, kuma wutar da ke bi ta wayarsa na iya haura amfiya 100. Haɗin dalmar da bai narke ya shiga sosai ba zai yi zafi ya saki a sama. Batirin kansa in ya huje, ko aka yi masa cajin ganganci, ko aka manta shi a mota cikin rana, yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Hular gaba da sitikokinta, waɗanda su ne baƙo ke fara yabawa, aikin minti goma ne.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci ana yinsa ne ba fikafikai a jiki, an kuma cire wayar inji. A kunna komai, a ɗaga jirgin da hannu, a sunkuyar da hancinsa. Faifai ya kamata ya karkata baya, yana ƙin abin da aka yi. A karkata shi dama, faifai ya koma hagu. A murɗa hancin gefe, jela ta ba da umarnin dawo da shi. In ɗaya daga cikin ukun nan ya zo a juye, akwatin zai riƙa ƙara wa kuskure ƙarfi maimakon gyara shi, kuma da ƙafafu sun bar ƙasa jirgin zai kife ko ya shiga wulwulawa kafin mai shi ya ƙifta ido. Ƙwararru da suka haɗa jirgi ba adadi ba sa tsallake wannan gwajin, kuma suna maimaita shi a fili kafin tashin farko.

Sai fikafikai. Ana ɗora su a sikeli, a kuma nemo tsakiyar nauyin kowanne, in ɗaya ya gaza a cike masa da ɗan salatif. Notin da ke riƙe fiffike ba a matse shi tamau. Ana kwantar da jirgin a gefensa fikafikan a miƙe: kada su faɗo da nauyinsu, amma in aka ɗan girgiza su sunkuyo, kuma su biyun daidai wa daida. Sannan a ɗaga jirgin ta kan farfela a ga ko ya rataya a miƙe, in hanci ko jela ya rinjaya a matsar da batir.

Ranar tashin farko babu burga. Fili ake nema mai faɗi, nesa da mutane da dabbobi da wayoyin lantarki, kuma wanda yake Nijeriya ya sani tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izini. Mai hankali ya riga ya shafe makonni yana faɗuwa kyauta a manhajar koyon tuƙi ta kwamfuta. Ya tsaya bayan jirgin da tazara, jela na kallonsa, ya saki makunnin inji. Farfela ta fara a hankali, ƙarar ta yi ta hawa har ta tsaya a murya ɗaya. A nan yake kallo da sauraro. In ƙafafu na kakkaɓi ko jela ta zama dishi-dishi, ya kashe. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In lafiya, ya ɗaga shi zuwa daidai ido ya dubi bakin da'irar farfelar daga gefe. Layi ɗaya siriri ake so a gani. In biyu suka bayyana, wani fiffike na bin sama wani na bin ƙasa, sai a sauka a juya 'yar robar ɗaya daga cikinsu, a sake tashi.

Zai kuma lura jirgin na son zamewa hagu yayin tashi, kuma yana tsayawa a sama da 'yar karkata dama. Ba laifin haɗi ba ne, turin farfelar jela ne. Tsayar da shi wuri ɗaya kamar riƙe ƙwai ne a tsakiyar tiren silba: ba ya zama don kansa, kullum ana tare shi kafin ya gangara. A gasar duniya ta ajin F3C, wadda hukumar wasannin sama ta FAI ta fara a 1985 a Kanada, inda Shigetada Taya na Japan ya yi nasara, wani babban kaso na maki a wannan tsayuwar yake. Alƙalai na zaune suna kallon jirgi ya tsaya cak a kan tuta, ya juya a hankali, ya koma ya sauka a cikin 'yar da'irar da ya tashi. A irin wannan tafiyar hawainiya babu inda lako-lakon rabin milimita zai ɓuya.

Tashin farko minti biyu ko uku ne. A sauka, a cire batir, a taɓa inji da sarbo a ji zafinsu, a ja kowace sanda, a duba bel, a nemi baƙar ƙura a gefen noti, domin ita ce alamar ƙarfe na gugar ƙarfe.

Faɗuwa kuwa tana nan tafe, ko ga wa. Wanda ya haɗa nasa da hannunsa ya san hanyar da bugu ke bi: daga fiffike zuwa sandar da ke ratsa kai, zuwa babbar sanda, zuwa haƙoran giya da na sarbo, zuwa bututun jela. Zai zare sandunan ya mirgina su a kan gilashi. Miƙaƙƙiya tana tafiya shiru. Wadda ta lanƙwashe, ko da ido bai gani ba, za ta riƙa ɗingishi tana ƙwanƙwasa gilashin. Irin wannan ba a miƙar da ita da guduma, kwandon shara ake jefa ta, shi ya sa tsofaffin hannu ke sayen sandunan nan bibbiyu tun kafin jirgin ya taɓa barin ƙasa.